Yadda ake kai iyali Kano yawon ƙarshen mako a dawo ba a fushi da juna

Ni mutumin Katsina ne, yarana huɗu, babbar tana ƙaramar sakandare autan kuma bai daɗe da yaye ba, kuma tun babbar tana goye nake kwasar gidan nan zuwa Kano aƙalla sau biyu a shekara. Ɗan albashi ne ni, ba wai kuɗi sun min yawa ba ne, kawai dai na lura yaron da ya hau dutsen Dala da ƙafarsa ya ga zaki da idonsa sai ya yi wata uku yana bai wa 'yan ajinsu labari. Ƙanena ne ya ce zai kai nasa iyalin karon farko, ya ce Yaya ya ake yi, na fara yi masa bayani a waya har katinsa ya ƙare, shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya ko wani ma zai amfana.

Zuwanmu na farko ni na ɓata shi da hannuna. Na rubuta wurare tara a takarda, ga gidajen dangi biyar, ga Maman yara tana son Kantin Kwari, kasuwar atamfa da shadda, duk a kwana ɗaya da wuni. Abin da yaran suka gani a Kano shi ne bayan direban adaidaita da tabarmar gidajen mutane, gidan zoo ɗin da aka yi ta musu alkawari muna isa ana rufewa, muka dawo Katsina ba mai yi wa wani magana a mota. Toh tun daga ranar na gane abu uku ne ke kai mutum Kano da iyali, yawon yara, cin kasuwa, da gaishe-gaishen dangi, kuma in ka zuba su a tukunya ɗaya na yaran ne ke ƙonewa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabarar raba su ce.

Kayan da za ka tanada

Jaka babba guda ɗaya ta kayan kowa, sai ƙaramar jakar goyo wadda ba ta shiga but, tana kan cinyarka ko ta uwar yara. Wannan ƙaramar ita ce tafiyar. A cikinta a sa:

- Ledoji baƙaƙe kaman guda goma, saboda amai da jiƙaƙƙen wando da ɓawon ayaba.
- Kayan canji kala ɗaya na kowane ƙaramin yaro, da famfas in akwai mai sawa.
- Farasitamol na yara, hodar gishiri da sukari ta gudawa, filasta. Mai asma a sa abin shaƙarsa a nan, kar a cusa shi ƙasan babbar jaka.
- Caja da fawa banki a cike.
- Ruwa. Gora biyu a daskarar da su tun daren jiya, kafin ku kai Bichi sun fara narkewa daidai sha.
- Abin taɓawa mai bushewa, cincin, dabino, gyaɗa, biskit, dambun nama in an samu. Banda ɗanwake da taliya da manja, a mota waɗannan fitina ce.
- Ƙaramar darduma da buta. Mutane na min dariyar butar, har sai mun tsaya wurin da layin alwala ya kai mutum ashirin.

A babbar jaka kaya kala biyu-biyu sun isa, da gidan sauro ko da gidan 'yan uwa za ku sauka, kar ka ɗora wa mutane neman gidan sauron mutum shida da daddare. In hunturu ne rigar sanyi da man shafawa da hular yara, in damina ce lema da silifas.

Sai abu na ƙarshe wanda ya fi duk na sama. Yanki takarda ka rubuta sunan yaro da lambarka da ta wanda kuka sauka wurinsa, ka sa a aljihun kowane ɗaya, wanda ba shi da aljihu a maƙala masa da fil ta cikin riga. Manyan su haddace lambar tun a gida, ka riƙa tambayarsu kaman hadda. Zan faɗi dalili a gaba.

In da motarka za ka, ranar Alhamis ka kai ta wajen bakanike ya duba birki da mai da ruwan lagireto, ka tabbata safaya tana da iska kuma jak yana ciki, takardun mota da lasin ba su mutu ba, ga abin kashe gobara. Ranar tafiya ba ranar gyara ba ce.

1. Zaɓi makon da za ku

Buɗe kalanda ka duba, in Asabar ɗin ƙarshen wata ce ka ɗaga tafiyar ko ku kwana a can tun Juma'a. Ranar ake tsaftar muhalli a Kano, daga bakwai na safe zuwa goma ba a zirga-zirga. Ni na taɓa yin sammako ina ta murna na yi dabara, muka zo bakin gari muka zauna a mota har goma ta buga, autan lokacin yana ta tsala kuka, laifin kuma nawa ne don ban duba ba.

Makon Sallah ma ban ba da shawara ga mai ƙananan yara, gidan zoo a ranakun nan ko allura ka jefa ba za ta faɗi ƙasa ba, kuɗin mota kuma ya ninka. Bari sati biyu ya wuce. Watannin Maris zuwa Mayu rana ba ta da mutunci, in dole sai lokacin to ka sa a ranka daga sha biyu zuwa la'asar kuna cikin inuwa. Ni na fi son ƙarshen damina zuwa farkon sanyi.

Kar ka manta Asabar da Lahadi akwai Islamiyya. Je da kanka ka gaya wa malam, kar ka aika yaro, in sun dawo ba bulala kuma ba a koya musu guduwa daga makaranta da sunan tafiya ba.

2. Gama maganar masauki tun da sati guda

Kusan kowa yana da wani a Kano. Kira shi tun da sati, ka faɗi ku nawa ne, yaushe za ku iso, yaushe za ku tafi. Wannan na ƙarshen shi mutane ke jin nauyin faɗa alhali shi mai gida ya fi son ji. Ka kuma saurari muryarsa da kyau, Bahaushe ba zai ce maka kar ka zo ba, amma in ka ji ana ta "toh, Allah ya kawo ku, sai dai gidan ne ka san yadda yake", ka gane. Mai ciki da falo a Kurna ko Ɗorayi ba zai iya ɗaukar mutum shida ba sai dai ya kwana a zaure.

In haka ne akwai mafita biyu. Ko ku rabu, mata da ƙanana a gida ɗaya kai da samarin a wani, ko ka kama ɗakin otal mai gado biyu ku kwana ɗaya kawai. In otal ne kar ka biya sai ka shiga ɗakin da ƙafarka, ka murɗa famfo ka ga ruwa ya zo, ka tambaya ƙarfe nawa ake ta da janareto ƙarfe nawa ake kashewa, ka duba ko akwai wurin biki a harabar, don daren Asabar a Kano daren biki ne, kiɗa zai kai ku sha biyu. Hoton da ka gani a Facebook ba ya faɗin waɗannan.

Gidan dangi kuwa ba a shiga hannu na dukan cinya. Man shanu, daddawa, kuka, ƙwan zabi in damina ce, abin da a birni sai an saya da tsada. Da safe kuma ka fita da kanka ka sayo burodi da ƙwai da madara ka aiko da su ciki ba tare da ka yi shawara da kowa ba, in ka tambaya cewa za a yi haba ka bari.

3. Kasa kuɗin kashi huɗu

Kira wani a tasha ka ji kuɗin mota na wannan satin, don da kuɗin mai yake tafiya. Sannan ka kasa abin da kake da shi, na mota zuwa da dawowa, na zirga-zirga da abinci da tikitin shiga wurare, na kasuwa da tsaraba, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin dawowa ka ba uwar yara ta ɗaure a haɓar zani ko can ƙasan jakarta, kuma ku yi alkawari ko me aka gani a Kwari ba za a taɓa shi ba.

Riƙe tsabar kuɗi, musamman canji 'yan ɗari biyu da ɗari biyar. Masu POS suna ko'ina kuma 'yan kasuwa na karɓar tiransifa, amma ranar da netwok ya ƙi, kana tsaye gaban mai adaidaita da yara huɗu kana ta jiran alat, za ka tuna da ni. Kar ka tara su a aljihu ɗaya, kar kuma a aljihun gefe na kaftani.

4. Hanya

Daga Katsina tafiyar wajen kilomita 170 ce, ta Charanchi, Kankia, Tsanyawa, Bichi, a shiga ta Dawanau, awa biyu da rabi zuwa uku in ba a samu matsala ba. Mu ana sakkowa daga Juma'a muke ɗaukar hanya mu isa kafin magariba, ta haka Asabar ɗin gaba ɗaya tamu ce. In aiki bai bari ba to Asabar ana sallame asuba. Tafiyar dare da iyali kam ban yi, ko me za a rasa.

A motar haya sayi layin kujera guda cur, kar ka yarda da "ai yara ne a ɗora su a cinya". Kuɗin kujera ɗayan da kake son ragewa za ka biya shi da ƙafar da ta sage da yaron da ya yi maka amai a shadda. Mai yawan amai a ba shi gefen taga, a ba shi abu kaɗan kafin a tashi, shayi da burodi ya isa, a hana shi kallon waya, a riƙe masa lemon tsami yana shinshinawa. Kowa ya zaga bayi kafin a shiga mota ko ya ce ba ya ji. In direba yana gudun wuce sa'a yi magana, kar ka ji kunya, yawanci da mutum ɗaya ya buɗe baki sauran fasinja ke mara masa baya.

Motocin Katsina da Daura a Ƙofar Ruwa suke sauke mutane. Masu zuwa daga Haɗeja da Gumel su Yankaba ce tasu, na Zariya da Kaduna kuma Unguwa Uku ko Na'ibawa. Daga Dawanau zuwa Kurna akwai cunkoso musamman da yamma, ga manyan motocin hatsi, don haka kar ka ce wa mai jiranka "ga mu nan mun shigo", ƙara rabin awa a kai. Da kun sauka a tasha a fara ƙirga yara kafin a ƙirga kaya.

5. Yadda za ku yi yawo a cikin gari

An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, abin hawan talaka shi ne adaidaita sahu, su ma tun 2022 aka hana su aiki daga goma na dare zuwa shida na safe. Toh ka ga hirar dare a gidan Gwaggo tana da iyaka.

Da iyali shata za ka ɗauka, wato dirof, ba hawa-da-sauka ba. A gama ciniki kafin kowa ya sa ƙafa, ka faɗi sunan wurin da kwatancensa, ba unguwa kawai ba, "Zoo Road" doguwa ce, in ba ka ce bakin ƙofar gidan zoo ba sai a ajiye ku a farkon titi a ce nan aka yi da kai. Tambayi mai masaukinka nawa ake zuwa wuri kaza kafin ka fita, don da an ji Katsinanci a bakinka kuɗin ya tashi. Abin da ya fi min sauƙi, in na dace da mai hankali sai in karɓi lambarsa mu yi cinikin wuni guda. Yara a tsakiya manya a baki, mutum shida kuma adaidaita biyu ce, kar a cusa yaro gaba kusa da direba.

Waya a aljihu. Kar a riƙa latsa ta a bakin adaidaita ko a ba yaro yana ɗaukar bidiyon gadar sama hannu a waje, ƙwacen waya gaskiya ne ba labari ba.

Mai motar kansa, shawarata ka ajiye ta a masauki in za ku cikin Badala, wato tsohon birni na cikin ganuwa. Lungunan sun matse, wurin fakin babu, wasu titunan hannu ɗaya ne baƙo bai sani ba, 'yan KAROTA masu kula da dokar hanya kuma suna kan aikinsu, rashin sani ba ya hana tara. Zuwa Zoo Road da Nassarawa ka iya fita da ita.

6. Asabar da safe, cikin gari

Ƙa'idata wuri biyu da safe, ɗaya ko biyu da yamma, shi ke nan. Na safen duk a cikin Badala suke kusa da juna.

Mu da Dala muke farawa, kaman bakwai da rabi kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala har sama, 'yar shekara biyar ɗina ta hau da kanta da hutawa biyu, amma mai ciki da tsohuwa mai ciwon gwiwa su zauna a gida. Ku tafi da ɗan gari, ko yaron gidan da kuka sauka, kuma kar a je da magariba. A sama ka riƙe hannun ƙanana don fili ne kuma yaro da ya ga sarari gudu yake so. Daga nan za ka nuna musu Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da yadda gari ya malala har inda ido ya tsaya, sai ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura a inda abin ya faru, ka gaya musu ganuwar da suka ga ragowarta a hanya tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta, shekara ɗari tara da suka wuce. Ɗana na biyu da ya leƙa ya ga rufin kwano ba iyaka sai ya ce Baba duk waɗannan mutanen sun san juna? A nan ne na yarda da kirarin tumbin giwa, duk da ni ɗan ɗakin kara ne ba na so in yarda a gaban Kanawa.

In kun sauko a karya da gurasa. Bandashe, wadda aka yayyafa wa ruwa aka barbaɗe da garin ƙuli da man gyaɗa da albasa da tumatir, ka ce a rage yaji a ta yara tun kafin a zuba.

Wuri na biyu zaɓi ɗaya cikin biyu, gwargwadon shekarun yaranka.

In 'yan makaranta ne, Gidan Makama, yana dab da gidan Sarki. Ginin ƙasa ne tun ƙarni na 15, an ce Muhammadu Rumfa ya zauna a ciki kafin ya hau sarauta a 1463, yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi, hotunan sarakuna da na zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amaryar da da jerenta. Kar ku zagaya ku kaɗai, nemi ma'aikacin da zai zagaya da ku yana bayani ka ba shi na goro a ƙarshe, in ba haka ba yara minti goma za su ce sun gama. Maman yara ta fi kowa daɗewa a ɗakin amaryar nan, wai irin tasoshin kakarta ne sak.

In ƙanana ne masu son ganin abu yana motsi, Karofin Ƙofar Mata, kusa da asibitin Murtala. A bakin ƙofar karofin an rubuta 1498, wai shekarar da aka kafa shi. Ramuka ne a ƙasa da ake jiƙa baba da toka da kanwa, marini yana zaune a bakin rami yana tsoma zane yana ɗagawa, ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka, hannun mutumin kuwa har gwiwar hannu ya rine. A gefe ga masu bugu suna dukan zane a kan gungume har ya yi ƙyalli. Gargaɗi biyu a nan, ramukan daidai da ƙasa suke kuma suna da zurfi, mai tatata a saɓe shi a kafaɗa, sannan kar a sa wa yaro farar shadda ranar. Yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, wurin sana'ar mutane ne, ka sayi ko ɗan ƙyalle ne ko ka ba da wani abu.

In ƙarfi ya ragu ka iya ƙarawa da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909 ya zauna, amma ni ban taɓa haɗa uku da safe an wanye lafiya ba. Azahar ta yi muku a masauki, a ci abinci, kowa ya kwanta har da kai.

7. Kasuwa, ba da yara ba

Ga dalilin takardar aljihu. Wata shekara mun shiga kasuwar Kurmi gaba ɗayanmu, na tsaya ina taya wani takalmin fata, uwarsu tana duba murjani a rumfar gaba, ni ina zaton yaron yana wurinta ita tana zaton yana wurina. Lungunan Kurmi kuwa mutum biyu ba sa jerawa, ga masu kura suna "hanya, hanya". Minti ashirin muka yi muna nema, wallahi ban taɓa jin minti ashirin mai tsawon wannan ba, sai ga kira, wani dattijo mai sayar da linzami da kayan doki ya zaunar da shi a kan buhu ya saya masa alawa ya laluba aljihunsa ya ga lamba. Tun ranar in za mu shiga taro sai an faɗa da baki, wane naka ne, wance tawa ce.

Yanzu yadda muke yi, lokacin da yara ke barcin rana Maman yara ta ɗauki matar gidan ko wata 'yar gari su tafi Kantin Kwari, ni ina gadi. Ta tafi da jerin abin da za ta saya a rubuce da kuɗin da aka ware, ta zaga shago uku kafin ta taya, ta sa a warware atamfa ko shadda a gabanta a auna, kuma kar ta bi yaran da ke tare mutum a bakin layi suna "Hajiya me ake nema", ladansu a kan kuɗinta zai hau. Kayan kicin da na roba kuma Sabon Gari, amma a je Asabar, ranar Lahadi shaguna da yawa a rufe suke. Kurmi in ana son yara su gani, a ɗauki manyan kawai, babba ɗaya yaro ɗaya.

8. Asabar da la'asar, gidan zoo

Wannan shi ne alkawarin da ka ɗauka tun daga gida, don haka ko waye ya kira ya ce ku biyo ku gaisa, ka ce sai gobe. Ana idar da sallar la'asar ku fita, kar ku kai biyar ba ku shiga ba.

Gidan yana Zoo Road, sunan Audu Bako yake ɗauke da shi, gwamnan Kano na farko, a zamaninsa aka gina shi a farkon shekarun 1970. Fili ne babba mai itatuwa, tafiyar ƙafa ce sosai, a sa takalmi mai daɗi a zo da zanin goyo ko da yaron ya iya tafiya. Kuɗin shiga ba shi da yawa, abin da ke cin kuɗi yana ciki, lilo, masu hoto, askirim, balan-balan. Gaya wa kowane yaro tun a bakin ƙofa abu biyu zai zaɓa, ka tsaya a kai.

Fara da wurin zaki da kuraye tun da sauran haske da ƙarfin ƙafa, sannan kada da jimina, a ƙare da birrai don a nan ake daɗewa. Ba a zura hannu a keji, ba a miƙa wa biri abu da hannu, ba a jifan dabba don ta tashi, in ka ga zaki yana barci haƙuri za a yi. Jimina kuma tana kai sara ga abu mai ƙyalli, a ja mai ɗan kunne baya. Manyan za su tambaye ka labarin zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a 2019, ka ce musu eh an yi, an kuma mayar da shi, amma ka bari sai kun fito.

Daga nan Ado Bayero Mall ba nisa, a kan titin yake, wanda har yanzu mutane ke ce wa Shoprite duk da kantin ya tashi a farkon 2024. A sha sanyin esi, a sayi askirim, a yi hoto. In aljihu ya yi ƙasa tsallake shi, ka tsaya wajen mai tsire ka sa a yanka muku mai zafi a kan idonka, a haɗa da fura da nono a tafi gida a baje a tabarma, yarana sun fi tuna wannan.

9. Lahadi, dangi da komawa

Yanzu ne lokacin zumunci. Gida biyu, in ya yi yawa uku, ka fara da wanda ya fi tsufa, ka kira kafin ku je, kuma kana zama ka ce "Baba yau za mu koma, mota na jiranmu da azahar", in ba haka ba sai an ɗora tukunya kuma ba ka isa ka tashi ba a sauke ba. Waɗanda ba a samu zuwa ba a kira su a waya a ba su haƙuri tun kana garin, kar su ji a bakin wani cewa ka shigo.

Tsarabar maƙwabta gurasa ce da alawa da ɗan turare, in hanya ta bi da ku 'Yan Lemo a ƙara da kayan marmari. Gurasar a saya ranar tafiya, kuma in da ɗuminta kar a ƙulle ta a leda, gumi take yi ta lalace kafin Kankia. A haɗa kaya tun kafin a fita gaisuwa, a leƙa ƙarƙashin gado da jikin soket, caja da takalmin auta ɗaya su ne kullum ake bari. Yaran gidan da kuka sauka a damƙa musu wani abu a hannu lokacin sallama.

Ƙarfe biyu ta yi muku a Ƙofar Ruwa. Yammacin Lahadi kowa komawa yake, motoci na cika da wuri kuma layin kujera guda yana wuyar samu in ka makara, ga yunifom ɗin Litinin ba a goge ba. Karɓi kuɗin motar nan daga haɓar zanin uwar yara, ka sake raba ledoji, mai amai ya koma gefen taga.